Sau uku ina zuwa ƙofar ina juyawa

Ni haifaffen Tudun Wadan Kaduna ne. Mahaifina tela ne, amma shi ke jan sallah a masallacin layinmu idan liman baya nan, ni kuma na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara sha huɗu har aka yanka min rago. Na fara da wannan ne saboda a wajenmu da zarar an yi zancen mashayi abin da ake fara cewa shi ne ai daga gida ne, ba tarbiyya. Nawa dai ba daga gida ba ne, da ƙafata na je.

A 2003 ina makarantar gaba da sakandare abokai suka ja ni mami, kasuwar nan ta cikin bariki, wai mu je cin gasasshen kifi. Kwalba ɗaya aka buɗe min, ɗaci kamar maɗaci, na daure na shanye don kar ace min ɗan ƙauye. Abin da ya biyo baya ne ya kashe ni. Ni mutum ne mai kunya tun ina yaro, magana a cikin taro wahala take min, amma bayan minti goma sai na ji kamar an ɗauke min wani dutse daga ƙirji, bakina ya buɗe, ina ba da labari ana dariya. Wannan sakewar ita na yi ta bi har shekara goma sha huɗu, kuma ban sake samunta kamar ta ranar farko ba.

A gida idon mutane ne ke taka min birki. Sai ƙarshen mako, sai na tsallaka can nesa da unguwa, in dawo in tauna goro da kanumfari in jefa TomTom a baki in fesa turare in wuce ɗaki ba tare da na gaida kowa ba. A 2010 na ci cacar biza ta Amurka, gida aka yi ta murna, Inna tana kuka tana sa min albarka. Na sauka Bronx a New York, ɗaki biyu mu huɗu, mutum biyu 'yan Nijar, ɗaya ɗan zangon Kumasi, sai ni. Na fara da wankin mota daga baya na samu lasin na koma tuƙin tasi, aikin dare, biyar na yamma zuwa biyar na asuba. To a nan birkin ya tsinke. Babu wanda ya san ubana, shagon giya kusan a kowace kwana, ga wasu 'yan ƙananan kwalabe na bodka da ba su fi tsawon yatsa ba, sai ka zuba shida a aljihun jaket babu mai ganewa. Da farko na kafa wa kaina doka, sai na ajiye mota. Daga nan sai ya koma guda ɗaya da ƙarfe uku na dare don in kori sanyi. Har yau in na tuna mutanen da na ɗauka a wannan halin, wata mata da jaririnta a kujerar baya, jikina mutuwa yake. Allah ne kawai ya tsare, ba wayona ba.

Na je gida a 2013 na yi aure na dawo na bar ta wajen Inna da niyyar in nema mata takardu. Takardun da ban taɓa cikewa ba kenan. Kuɗin da nake turawa suka fara raguwa, ƙarya ta fara yawa, yau mota ta lalace gobe an ci ni tara. Ita kuma a murya take gane ni. Wata rana tace min, don Allah in kana cikin wannan yanayin ka daina kiran Inna, ni ka kira ni in ji, amma ita ka bar ta. Bata ambaci sunan abin ba, ni ma ban ambata ba, sai dai na hau ta da faɗa cewa tana zargina.

Tuba kam na yi ta ba adadi. Na rantse da Alƙur'ani a hannuna ya fi sau goma, na sha rubutu, na tura kuɗi an yi min sauka, na zubar da kwalabe a bayi da asuba na koma na sayo da la'asar. Azumin shekarun baya kuwa ba sai na faɗa ba, wani in kai, wani in sha a ɓoye, da dare kuma in koma ruwa.

Azumin 2017 ya kama ƙarshen watan Mayu, nace wannan karon ko ni ko ita. Ranar da aka ga wata na kwashe komai na zubar, na ɗauki azumi, ga tsawon rana a New York lokacin zafi ya haura awa goma sha shida. Ranar farko hannuna ya fara karkarwa, da aka sha ruwa na kasa riƙe kofin kunu sai da hannu biyu. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, gumi kamar an watsa min ruwa, zuciya tana dukan uku-uku. Daren na biyu na fara ganin kyankyasai suna fitowa daga bango suna hawa bargona, ina kakkaɓewa ina ihu, abokan zamana kuma babu abin da suke gani. Sai suka ce ai aljanu ne. Aka kunna Suratul Baƙara a waya, ɗaya daga cikin 'yan Nijar ɗin, dattijo ne mutumin kirki, ya riƙe kaina yana tofi, aka shafa min man habbatus sauda. Ban san sanda na faɗi ba. Sun ce jikina ya sandare ina ta jijjiga har na ciji harshena. Ɗan Kumasin nan, da yake aikinsa kula da tsofaffi ne a gidajensu, shi yace wannan ba aljani ba ne, ya kira lambar gaggawa ta 911. Ashe ya daɗe yana ganin kwalaben a ƙarƙashin katifata yana shiru.

Kwana biyar na yi a asibiti ana min ƙarin ruwa da allurai. Likitar ta tambaye ni nawa nake sha a rana, na rage rabi na faɗa mata, ta kalle ni kawai ta rubuta. Ita ta bayyana min cewa wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki da giyar tana danne ta, in aka cire rana ɗaya farat ɗaya sai ta rikice, daga nan karkarwa, farfaɗiya, gane-gane, yawanci cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kashe mutum. Wannan maganar ina so duk wanda ke da mashayi a gida ya riƙe ta. Kar a kulle shi a ɗaki ace yau ka daina, kar a ɗaure shi a mari. In ya kai matakin da hannunsa ke rawa da safe sai ya sha ya tsaya, to asibiti za a fara zuwa, a daina a gaban likita. Ni niyyata mai kyau ce, a wata mai alfarma, kuma saura kaɗan ta kai ni lahira.

Ranar da za a sallame ni wata ma'aikaciya ta ba ni wata takarda mai shafi biyu, jerin wuraren da masu fama da shan giya ke taruwa, ƙungiyar da ake kira Alcoholics Anonymous, a taƙaice AA. Ta zagaye guda uku da biro waɗanda ke kusa da gidanmu. Na duba adireshin, duka ukun coci ne. Nace a raina lallai ma matar nan. Na ninke takardar na cusa a aljihu.

Sati biyu ina gida ba aiki, ba sha, amma ƙwaƙwalwata ba abin da take lissafi sai shagon da ke kan kwana, taku nawa ne, ƙarfe nawa yake rufewa. Ranar da na ji in ban fita na je wani wuri ba to shagon zan je, sai na ɗauko takardar. Na zaɓi wanda ya fi nisa da masallacinmu don kar in haɗu da idon sani. Na je na tsaya a tsallaken titi ina kallon wata ƙaramar ƙofa a gefen cocin mai matakala zuwa ƙasa, mutane uku huɗu suna tsaye suna shan sigari suna dariya. Dariyar ce ta fi ba ni haushi, nace waɗannan ba su san abin da nake ciki ba. Na juya. Bayan kwana biyu na koma, na kai har bakin matakalar, sai na tuna fuskar mahaifina, ɗan liman a ƙofar coci, na juya. Na uku ma haka. A na huɗun ne wani tsoho baƙar fata mai sanda, wanda ashe yana lura da ni tun ranar farko, ya tsallako titin da kofi biyu a hannu ya miƙo min ɗaya yace, ba sai ka ce komai ba, ka zauna a baya kusa da ƙofa, in bai yi maka ba ka fita. Ni ba ma'abocin kofi ba ne amma na karɓa don hannuna ya samu abin riƙewa.

Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, kujerun ƙarfe masu naɗewa kamar talatin, tukunyar kofi a kan tebur da biskit, wasu manyan takardu biyu rataye a bango. Babu fasto, babu likita, babu wanda ya tambaye ni takarda ko sunan mahaifi. Hayar ɗakin kawai suke biya wa cocin, shi ya sa ake zagayawa da ɗan kwando, mai dala ɗaya ya jefa, wanda ba shi da ita ya miƙa gaba, kuma ba sa karɓar kuɗin kowa daga waje. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, kana son ka daina sha. Awa ɗaya ake yi. Mutum ɗaya ya ba da labarinsa, sauran su ɗaga hannu kowa ya faɗi nasa, kuma ba a katse mutum ba a mayar masa da martani, in ka gama sai ace mun gode, shikenan a wuce na gaba. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai, don mu in ka faɗi damuwarka kafin ka rufe baki mutum biyar sun fara maka wa'azi.

Wadda ta yi magana a ranar wata farar mata ce, ta kai shekara sittin, tsohuwar malamar makaranta, ba abin da ya haɗa ni da ita, ba addini ba yare ba launi. Sai ga ta tana faɗin yadda take canza shago kullum don kar mai shago ya gane yawan abin da take saya, yadda take naɗe kwalabe da jarida kafin ta jefa a shara don kar su yi ƙara maƙwabta su ji, yadda take tashi da safe ta duba wayarta gabanta na faɗuwa ta ga wa ta kira jiya da dare. Wallahi sai da na waiwaya, kamar wani ya kai mata rahotona. Mutane kuma suna gyaɗa kai suna dariya, ba dariyar raini ba, irin ta nima na yi. Shekara goma sha huɗu ina ɗauka ni kaɗai ne ƙazamin da ke yin waɗannan abubuwa. Ban san hawaye na zuba ba sai da tsohon nan ya turo min tishu ba tare da ya kalle ni ba.

Sati biyu ina zuwa ban buɗe baki ba. A can al'adarsu sabon zuwa yana ƙirga kwanakinsa a fili har ya cika casa'in, kuma suna ba da shawarar ka halarci zama casa'in a kwana casa'in, abin da ba wuya a New York tunda da asuba akwai, da rana akwai, da tsakar dare ma akwai. Ranar da na ɗaga hannu na faɗi sunana nace ni mashayi ne, yau kwanana arba'in da ɗaya, muryata rawa take kamar ta yaro a gaban alƙali. Aka tafa. Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina a duniya.

Amma zuciyata bata kwanta ba. Wani zaman in an tashi sai su riƙe hannu su yi addu'ar Kiristoci, ni sai in koma gefe in yi shiru ina karanta Fatiha a zuci, babu wanda ya taɓa ce min don me. A matakansu goma sha biyu suna cewa ka miƙa lamarinka ga Ubangiji yadda ka fahimce shi, ni kuma na san wanda nake nufi. Abin da ya fi damuna shi ne hadisin nan da ke cewa ana yafe wa al'umma duka sai masu bayyana zunubinsu, to ni da Allah ya rufa min asiri kullum ina zuwa ina tona kaina a gaban mutum talatin? Sai na tafi wani masallaci can Harlem inda ba a san ni ba, na jira liman bayan isha'i nace Malam ina da tambaya a kan wani abokina. Ya saurara har na gama, yace, ka gaya wa abokin naka wanda ake nufi shi ne mai alfahari da saɓo, shi kuwa mara lafiya da ya buɗe ciwonsa don neman magani ba ya ciki. Ya kawo min labarin sahabin nan da ake ta kamowa saboda giya, har wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana yace yana son Allah da Manzonsa, yace yana nan cikin Buhari. Ya tuna min cewa ita kanta giyar a hankali aka haramta ta, a Baƙara, a Nisa'i, sannan a Ma'ida. Da zan tafi ya riƙe hannuna yace, Allah ya ba abokin naka lafiya, kuma ka ce masa ya riƙa zuwa asuba a jam'i. Na san ya gane. Shi ne ma ya fara gaya min akwai ta Musulmi mai irin wannan tsarin, Millati Islami, da aka fara a Baltimore a 1989. Ita AA ɗin kuwa tun 1935 take, mutum biyu suka fara ta a Akron ta jihar Ohio, wani ɗan kasuwar hannun jari Bill Wilson da wani likita Bob Smith, duka mashaya, da suka lura in ɗaya na yi wa ɗaya magana sai ranar ta wuce ba su sha ba.

Tsohon mai sandan shi ya zama mai riƙe da hannuna, abin da suke kira sifonsa. Shekararsa ashirin da shida bai sha ba a lokacin. Dokarsa ɗaya ce, ka kira ni kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. In nace masa ni fa ba zan iya rayuwa har abada ba tare da ita ba, sai yace wa ya yi maka zancen har abada, yau kawai, ka kai kanka kan filo yau, gobe mu yi zancen gobe.

Ban kira shi ba ranar da na faɗi. Watan Janairun 2018 ne, wata takwas da wani abu, kuma ba wani abin tashin hankali da ya faru, shi ne abin tsoron. Na fara ganin na warke, na rage zuwa zama, sati biyu ban leƙa ba. Wata Talata ana dusar ƙanƙara na sauke fasinja a gaban wani shago, sai kawai na ga kaina a ciki, nace ƙarama ɗaya. Kwana goma sha ɗaya na yi a ciki. A cikinsu ne na kira gida cikin dare, Inna ta ɗauka. Ban san me na faɗa ba har yau. Bayan sati matata ta koma gidansu ta aiko a ba ta takardarta, kuma ban ga laifinta ba.

Komawa ɗakin nan ya fi min zuwan farko wuya. Sai da na sake kwana biyu a asibiti, sannan na sauka matakalar kaina a ƙasa, na ɗaga hannu nace kwanana uku. Tafin da aka yi min daidai yake da wanda aka yi wa mai shekara goma a ranar. Tsohon bai ce min ai na gaya maka ba, cewa ya yi gobe ka zo da wuri, kai za ka jera kujeru. Ranar 9 ga Fabrairun 2018 ce rana ta ƙarshe da na sha.

Mataki na tara shi ne ka je ka gyara abin da ka ɓata wa mutane in dai zuwan ba zai ƙara cutar da su ba. Shekara biyu na yi ina biyan ƙanena kuɗin filin da ya ba ni amana na cinye. Tsohuwar matata na rubuta mata ta hannun yayanta, ban nemi ta dawo ba, ta yi aure tana da 'ya'ya, amsarta layi ɗaya ce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Inna kuwa sai da na je gida a 2019 na zauna a gabanta a kan tabarma na fara kame-kame, ta katse ni tace, na sani tun kana Kaduna, goro baya ɓoye komai, ina jiran ranar da za ka faɗa ne. Ta tambaye ni su waye mutanen da nake zama da su, nace Inna yawanci fa ba Musulmi ba ne, kuma a ƙarƙashin coci muke zama. Ta yi shiru tana jan carbi, can tace, to ka gaishe su.

Da korona ta zo a 2020 aka rufe ɗakunan, zaman ya koma Zoom, kuma har yanzu akwai su birjik a intanet kowace awa, da Turanci da Faransanci, mutum na iya shiga daga Kano ko Maraɗi ya kashe kyamara ya sa sunan da ya ga dama ya saurara kawai, in yana da data. A shekarar ne tsohon ya rasu. Ban samu zuwa jana'izarsa ba saboda dokar kulle, sandarsa 'yarsa ta aiko min da ita daga baya.

Har yanzu ina tuƙi, na koma na rana. Abokan zamana biyun nan 'yan Nijar ba su taɓa tayar min da zancen ba, in na fita da yamma sai dattijon nan na Nijar yace za ka makarantar taku, ince eh Baba. Ranar Alhamis makullin ɗakin taron AA a hannuna yake, ƙarfe shida nake zuwa in jera kujeru in ɗora tukunya. Kofin nan dai har yau bai karɓe ni ba, Lipton nake zuwa da shi a fulas da citta da kanumfari, malamar nan ta ɗanɗana sau ɗaya tace yaji ya yi yawa, amma duk sati sai ta miƙo kofinta.